Ranar da Rigar Shugaba Ta Suma

Maigidana ya dawo daga aiki wata ranar Litinin, ya jefa mukullin mota a kan akwati, ya ce in fara ɗaure kaya, ƙarshen wata za mu tashi.

"Ina za mu?" na ce.

"Gidanmu. Ciki da falo. Ƙofa tamu, famfo namu."

Shekara biyu ke nan da aurenmu, kuma duk a ɗaki ɗaya muka yi su, a gidan yayansa. Bangon da ya raba mu da ɗakin yaran Yaya bai kai rufi ba. In maigidana ya yi atishawa, yara shida ne ke yi masa sannu. In ya ce mini miya ta yi daɗi, sai matar Yaya ta amsa daga tsakar gida cewa gishirinta ne na ara. Ban taɓa yin ƙorafi ba, amma akwai maganganun da nake ajiye da su tun makon farko, ina jiran ɗakin da zan faɗa masa ba tare da an taya shi ji ba. Saboda haka na ajiye tsintsiya na zauna.

Shi direba ne a wata makarantar sakandare. A bayan ɗakin kimiyya akwai wani ɗan gida da ba kowa a ciki. A bara wani malami ya yanke jiki ya faɗi a aji, ɗalibai arba'in suka tsaya suna kallonsa, wanda ya fi kowa ƙoƙari a cikinsu ya yi masa fifita da littafin lissafi. Allah ya sa suma ce kawai. Tun daga nan abin ke damun Shugaban makarantar. Yanzu ya ce duk ma'aikacin da ya koya wa 'yan ajin ƙarshe yadda ake danna ƙirji in zuciyar mutum ta tsaya, shi zai zama mai kula da agajin gaggawa, kuma gidan nasa ne. Ranar Alhamis ta ƙarshen wata Shugaba zai gwada yaran da kansa.

"Kuma ka ce masa ka iya?"

"Ban ce na iya ba. Cewa na yi ba wanda ya fi ni iyawa."

Kafin aurenmu ya taɓa yin wata biyar yana tuƙa motar wani asibiti. Tun lokacin 'yan unguwa ke ce masa Dokta, kuma har yau bai lura da yadda suke jan sunan ba. A lissafinsa ya ceto rai goma sha tara. Na taɓa tambayarsa yadda aka yi, tunda hannunsa na kan sitiyari. Ya ce ta madubi yake ba da umarni.

Darasin farko ban je ba, amma labarinsa ya riga shi isowa gida. Babbar 'yar Yaya tana ajin ƙarshe a makarantar. Lauya ake ce mata, don ko gaishe ta ka yi sai ta nemi dalili. Ita ta tsaya a tsakar gida da jakarta a kafaɗa ta ba mu rahoto.

Maigidana ya jera yaran a baranda, ya dafa ƙirjinsa ta hannun dama, ya ce, "Nan zuciya take."

Malamar kimiyya tana wucewa da alli a hannu. Ta tsaya.

"Dokta, nan dama ce."

"Na sani."

"Zuciya ba ta dama."

"Malama, ke a littafi kika gani. Ni wata biyar ina ganin ana danna ta da idona."

"A ina?"

"A madubi."

Malamar ta dube shi, ta dubi yaran, ta shiga ofis ta rufe ƙofa. Lauya ta ce har aka tashi ana jin ta tana tari.

Ni kuwa duk takardar da ta faɗo hannuna sai na karanta, ko da ta naɗin sabulu ce. A ƙasan akwatina akwai wata da na ɗauko a asibiti ranar da na raka matar Yaya awo, mai hoton hannaye a kan ƙirji. Da yamma yana cin abinci, na zauna a bakin gado ina karantawa da ɗan ƙarfi, kamar don kaina. Ka bubbuga kafaɗarsa ka kira shi. Ka duba ko yana numfashi. Kada ka ce "a kira mota", ba wanda zai kira. Ka nuna mutum ɗaya da yatsa ka ce shi ya kira. Ka sa a janye jama'a. Ka ɗora gindin tafin hannu a tsakiyar ƙirji, ɗaya hannun a kai, gwiwar hannu a miƙe, ka danna da ƙarfi da sauri, kusan sau biyu a daƙiƙa. In ka gaji wani ya karɓe ka. Kada a tsaya sai ya farfaɗo ko ma'aikatan lafiya sun karɓa.

Ya suɗe hannu ya ce, "Hm. Sun yi ƙoƙari. Sun kusa kamo yadda muke yi."

Washegari ya faɗa wa yaran duka, bai bar ko ɗaya ba, ya ce sirrin aiki ne da ba a rubutawa. Zuciya ta dawo tsakiya ba tare da an yi bayani ba.

Saura abin dannawa. Ya so ya gwada a kan mai dafa abincin makaranta, mutumin ya ɗaga masa ludayi. Sai ya shiga ɗakin kimiyya lokacin da Malama ke aji, ya sauko da ƙwarangwal ɗin roba daga inda yake rataye, ya kwantar da shi a kan tebur. Dannawa ɗaya, haƙarƙari uku suka tashi. Ɗaya ya fita ta taga.

"Kun gani?" ya ce wa yaran. "Haka ake gane an danna da kyau."

Malama ta shigo ta tarar da shi yana ƙoƙarin mayar da ƙashi da ƙyallen goge allo.

"Shekara ashirin ƙwarangwal ɗin nan yana makarantar nan," ta ce, "ba wanda ya taɓa kashe shi sai kai."

Ta sa wa ɗakin kwaɗo.

Haka aikin ya dawo kaina. Na haɗa buhu biyu na ɗinke, na yi hannuwa da ƙafafu, muka cika da dusar katako daga wurin kafinta. Maigidana ya ciro wani murɗaɗɗen ƙarfe daga tsohuwar kujerar mota, muka sa a ƙirji don ya riƙa dawowa in an danna. Kai kuma tsohuwar ƙwallo ce. Shi ya zana mata ido da hanci, ya ƙara gashin baki mai kauri, ya ce don yara su ji nauyinsa. Muka kwantar da shi a gado na lulluɓe shi da zane saboda yara.

Matar Yaya ta ɗaga labule neman ashana. Ta tsaya cak.

"Amarya! Wane ƙaton ne wannan a gadon ƙanin mijina?"

"Majinyaci ne, Anti."

"Da rana tsaka?"

"Ba ya numfashi ma."

Ta saki labulen. Sai da Lauya ta fito da shi tsakar gida ta danna shi sau talatin a gabanta kafin ta koma amsa gaisuwata.

Abin da ba wanda ya zata, yaran suka iya. Lauya ce kan gaba, domin uwarta ta ce in mun tashi ita da ƙannenta mata ne za su gaji ɗakin. Ta raba 'yan ajin: masu dannawa, masu ƙirgawa, da ƙattin maza 'yan ƙwallo da za su riƙa kama hannu su yi da'ira su tare jama'a. Maigidana yana zagaya su da usur a wuya da agogo a hannu. Da ya ga dokokin takardar sun ƙare kuma ba nasa ko ɗaya a ciki, sai ya ƙara.

"Ranar gwaji za a yi ta ruɗin ku. Ko wa ya ce ku tsaya, kada ku tsaya sai likita. Ko ni ne. Ko ubanku ne."

"Baffa, har Baba?" in ji Lauya.

"Musamman shi."

Ranar Laraba da la'asar ya tsaya a tsakiyar gida, hannu a ƙugu, ya sanar da Yaya cewa gobe ne.

Yaya yana gyaran rediyo, bai ɗago ba. "An ba ka mukulli?"

"Mukulli ai ƙarfe ne kawai, Yaya. Magana ta riga ta ƙare."

"Da an jira an ga ƙarfen."

"Gobe ƙarfe sha biyu zan shigo da motar makaranta a kwashe kaya. Anti, kina iya fito da su tun safe. Ku yi fentinku."

Matar Yaya ba ta taɓa yarda da maganarsa da sauri irin na ranar ba.

Da safe ya kai Shugaba wani taro a cikin gari, za a gama sha ɗaya ya koma ya ɗauko shi a yi gwaji. Ya biyo ta gida ya ɗauke mu, ni da majinyaci, wai in ga gidana da idona. A hanya ya bayyana mini shirin. Kafin gwajin Shugaba, shi zai yi wa yaran nasa na ba-zata, lokacin hutun ƙarfe goma. Minti biyar kawai, ya hura usur, ya tafi ɗauko Shugaba.

A kujerar baya akwai leda. Ya zaro abin da ke ciki.

Shugaba yana da wata rigar kwat mai ruwan hanta. Shekara tara da ita yake tsayawa a filin taro. Mutanen unguwa ba duka suka san fuskarsa ba, amma ko yaron goye ya san rigar. Da safen nan ya ba maigidana ya kai wa mai wanki.

"Wannan ba ta Shugaba ba ce?"

"Aro ne. Yara sun saba da buhu, sun raina shi. Sai sun ga babban mutum a ƙasa hankalinsu zai tashi."

"In ya sani fa?"

"Wa zai faɗa masa? Buhun?"

Ya kamata in ce a'a. Amma ta tagar motar ina hango ɗan gidan, da ƙofarsa shuɗiya da wata bishiyar lemo a gefe. Ni na ɓalla wa majinyaci maɓallan rigar.

Muka shimfiɗe shi a filin taro, nesa kaɗan da ƙofar makaranta. Muka sa masa tsofaffin takalman maigidana, muka rufe fuskar da hula. Na koma baranda, shi ya laɓe a bayan bishiya. Ana buga ƙararrawa ya ƙwalla ihu.

"Wayyo! Mutum ya faɗi!"

'Yan ajin ƙarshe suka fito a guje. Lauya ta durƙusa, ta bubbuga kafaɗun rigar. "Malam! Malam, kana ji na?" Ta ɗaga hular, ta haɗa ido da gashin baki, ta mayar da hular yadda take. Ko murmushi ba ta yi ba.

"Ba ya numfashi!" Ta ɗago ta miƙa yatsa. "Baba mai gadi! Kai! Kira motar asibiti!"

Sati uku suna wannan darasi, kullum junansu suke nunawa, wanda aka nuna ya kara tafin hannu a kunne ya ce halo. Yau wanda ya fi kusa shi ne mai gadi. Dattijo ne, idonsa ba ya gani sosai, amma ya ga ruwan hanta a ƙasa, kuma wayarsa ta gaske ce. Ya kira motar asibiti. Ya kira matar Shugaba. Sannan ya kira tasa matar, wadda ke sayar da kayan miya a bakin titi.

Mu ba mu ga wannan ba. Ƙattin sun riga sun kama hannu sun yi da'ira, ba abin da ake hangowa ta tsakanin ƙafafunsu sai riga da takalma. Daga ciki ana jin ƙirge, ɗaya, biyu, uku, huɗu, daidai kamar agogo. Maigidana ya zo kusa da ni yana kumbura.

"Kin ga aiki? Wannan hannuna ne."

Malamai suka fito daga ofis, suka ga rigar, suka fara salati. Da minti biyar suka cika ya tako tsakiyar fili ya hura usur.

"Ya isa! Gwaji ne! Ku tsaya!"

Ba wanda ya ko waiwayo. Ya sake hurawa. Ya nufi da'irar, mai tsaron gidan ƙungiyar ƙwallo ya tare shi da ƙirji.

"Dokta, a ba shi iska."

"Ni ne fa!"

"Mun gane ka. Kai ka ce ko kai ne."

"Lauya! Ke Lauya! Baffanki ne ke magana!"

Daga ciki muryarta ta fito. "Ashirin da bakwai, ashirin da takwas, likita ya zo?"

Kafin ya sami amsa, unguwa ta iso. Mai shago da sikeli a hannu, mai aski da wanda yake yi wa aski, rabin kai a aske, mata da yara a baya, har da wani mai sayar da bokiti da ya shigo don ya ga taro.

"Jiya-jiyan nan na gan shi, lafiya lau."

"Hawan jini ne. Duk mai yawan tsawa ƙarshensa ke nan."

"Yaran nan ne suka ƙarasa shi. Ga shi ma suna kan yi."

Telan unguwa ya leƙa ta ƙarƙashin hammatar wani yaro ya girgiza kai. "Shi ne. Ni na rage masa hannun rigar nan."

Mataimakin Shugaba ya fito a hankali. Shekara goma sha ɗaya yana mataimaki. Ya ciro hankici ya taɓa ido ɗaya, ya aiki masinja ya kulle ofishin Shugaba ya kawo masa mukullin, saboda tsaro. Maigidana ya kama hannunsa.

"Ranka ya daɗe, ba Shugaba ba ne."

"Na sani, Dokta. Ni ma zuciyata ta ƙi yarda."

"Wallahi ba shi ba ne! Yana wurin taro, ni na kai shi!"

"Dukkanmu haka za mu riƙa jin kamar yana wurin taro." Ya dafa kafaɗarsa. "Kada ka damu da aikinka. Zan riƙe ka."

Sai ga matar Shugaba, takalmi ɗaya a ƙafa, mayafi a hannu. Jama'a suka buɗa mata. Da'ira ba ta buɗa ba.

"Ku matsa! Mijina ne!"

"Hajiya, a ba shi iska."

Maigidana ya durƙusa a gabanta. "Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Buhu ne."

"Wa?"

"Wanda ke kwance. Buhu ne, dusa ce a cikinsa."

"Shekara tara kana cin arzikinsa, yau yana ƙasa kake zaginsa?" Ta cire ɗaya takalmin.

A nan na ga lokaci ya yi da mai hankali zai sa baki. Na matsa na riƙe hannunta. "Hajiya, ki kira wayarsa. Za ki ji ya ɗauka."

Ta dube ni kamar na miƙo mata ruwa. Ta ciro wayarta ta danna. Fili ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙirge.

Wayar ta yi ƙara daga tsakiyar da'ira.

Shugaba waya biyu gare shi. Ƙaramar, ta iyali, a aljihun ciki na rigar ya manta ta. Tana ringi, ana dannawa tana shaƙewa, ana sakewa tana dawowa. A dannawa ta tara ta yi wani ɗan kuka ta yi shiru.

"Shi ke nan," in ji mai aski, ya cire hula.

Hajiya ta zube a jikina. Mata suka ɗauki kuka. Maigidana ya dube ni, na dube shi.

Ɗinkina mai ƙarfi ne, amma ban yi shi don minti talatin ba. Dusa ta fara zuba ta hannun riga. Tela, wanda bai bar wurin leƙensa ba, ya juyo ya ba da labari.

"Jama'a, ramewa yake yi. Tun ɗazu raguwa yake."

"Ikon Allah. Ciwon zamani ke nan, a tsaye yake cinye mutum."

"A kwance dai."

Jiniya ta taso daga bakin titi. Motar asibiti ta shigo, wata ma'aikaciyar jinya ta diro da jaka tun kafin ta gama tsayawa. Da ganin fararen kaya, da'ira ta buɗe kamar ƙofa. Yaron da ke dannawa ya ja da baya yana haki. Matar ta durƙusa ta fizge hular.

Zaren wuyan ya riga ya gaji. Kan ya rabu da jiki ya gangaro, yana juyi, gashin baki sama, gashin baki ƙasa, ya nufi jama'a.

Ban taɓa ganin fili ya watse da sauri haka ba. Mai bokiti ya bar bokitansa. Wanda ake yi wa aski ya haye katanga da ƙyallen a wuya. Waɗanda suka nufi ƙofa kuwa suka yi karo da wata tasi da ta tsaya, Shugaba yana fitowa daga ciki, da 'yar shara, fuska a murtuke, bayan an tashi taro da wuri ya gaji da jiran direba. Sai suka juyo da gudu suka koma wajen kan.

Ƙwallon ta zo ta tsaya a ƙafarsa. Ya sunkuya ya ɗauka. Ya daɗe yana kallon gashin bakin.

"Wannan ni ne?"

"Kusan, ranka ya daɗe," in ji maigidana.

Hajiya ta tashi. Ta je ta taɓa fuskarsa, ta taɓa ƙirjinsa, sannan ta kai masa duka a kafaɗa da takalmin da ke hannunta, ta ce me ya sa ba ya ɗaukar waya. Ya riƙe hannun nata. Duk abin da ya biyo baya, da hannu ɗaya ya yi shi, bai saki ba. Na lura da wannan.

Ma'aikaciyar jinya tana karkaɗe dusa daga gwiwarta. "Minti nawa kuka yi?"

"Talatin da biyu," in ji Lauya. "Mutum tara, muna karɓa-karɓa."

"Na ga na ƙarshen. Wurin daidai, saurin daidai. Da mutum ne, da kun ba shi dama." Ta juyo. "Wa ya koya musu?"

Maigidana ya gyara usur ya tako gaba. "Ni ne. Abokin aiki ne ai, na yi wata biyar a..."

"Kuma kai ka kwantar da buhu aka kira mu? Mota ɗaya gare mu yau. Ka yi addu'a ba wanda ya neme ta a rabin awar nan." Ta shiga mota ta ja ƙofa.

Shugaba ya taka zuwa inda rigarsa take. Maɓalli ɗaya ya rage. Bayan ya tsage, ƙarfen kujera ya leƙo ta aljihu. Ya sa hannu ya ciro wayar, ta fito kashi biyu.

"Ina mukullin ofishina?"

Mataimaki ya lalubo shi daga aljihun wandonsa. "Saboda tsaro ne, ranka ya daɗe."

"Na gode. Ka yi sauri." Ya duba buhun. "Wa ya ɗinka wannan?"

Na ce ni ce.

"Ɗinkin ya yi kyau."

Jama'a sun fara dawowa ɗaya-ɗaya, suna tsayawa nesa da ƙwallon. Maigidana ya ga taro ya haɗu, ya yi gyaran murya.

"Ranka ya daɗe, in an duba da kyau, yaran sun ci jarrabawa."

"Sun ci. Yaran."

"To maganar gida..."

"Malama za ta ci gaba da darasin, ita da yarinyar nan. Gida kuma," ya waiga, "cikin manyan da ke wurin nan duka, mutum ɗaya ne ya ga na faɗi ya kira likita. Baba, gobe ka kawo iyalinka."

Mai gadi ya matso yana ƙifta ido. "Ranka ya daɗe, ka warke?"

"Na warke. Kai kuma, Dokta, ajiye mukullin mota. Ka huta sati biyu, in na daina ganin fuskar nan a mafarki ka dawo."

A ƙafa muka koma gida. Tun daga bakin layi ake yi masa sannu da aiki. Mai shayi ya tashi tsaye ya dafa ƙirjinsa ta dama.

Gadonmu yana tsakar gida, akwatuna a kai, tukwanena a ƙarƙashi. Ɗakin ya koma ruwan hoda, ƙamshin fenti har waje, katifun 'yan mata sun riga sun shiga. Yaya yana zaune da rediyonsa.

"Ina motar kwasar kaya?"

"An ɗan sami canjin tsari."

"Mun ji. An ce har kai ya fita."

Matar Yaya ta tsaya a ƙofar ɗakin ta cika ta. "Fenti bai bushe ba, kuma yaran nan sun girma. Kai ka ce a fitar."

"Baffa, ni dai na yi nawa," in ji Lauya daga ciki.

Yaya ya murɗa rediyo, ya yi ƙara, ya kashe. "Akwai ɗakin ajiya can ƙarshen gida. In kun fitar da tayoyin da tsohon keken, mutum biyu za su iya kwanciya. In suna shiri."

Muka fitar da tayoyi goma sha ɗaya, da keke, da wata kaza da ba wanda ya san tana kwanci a ciki. Na share, na yayyafa ruwa. Ɗakin ƙarami ne, taga ɗaya kamar tafin hannu, ƙofar kuwa sai an karkata. Maigidana ya tsaya a bakin gadon, dusa a gashinsa, usur har yanzu a wuya. Ya rage murya, abin da ban san ya iya ba.

"Kin ji abin da matar nan ta ce? Wurin daidai, saurin daidai."

"Na ji."

"A gaban kowa ta faɗa."

"A gaban kowa."

Ya murza ƙarfen gadon da yatsa. "Na so ki ga cikin gidan nan, Amarya. Akwai kantar jera tukwane a kicin."

Na cire masa dusar daga gashi. Ya dubi gadon, ya dubi ƙofar ɗakin ajiya, ya rufe ido ɗaya ya miƙa babban yatsa. Kafaɗunsa suka fara dawowa.

"Zai shiga. Na auna. Ni da na shigar da motar asibiti lungun da keke ba ya bi."

Na san ba zai shiga ba. Na kama ɗaya gefen.